Canza salansa a Golf GTI ta 2012: abin da mai ita ya so, da abin da aka ɗaura mata

Motar dai Volkswagen Golf GTI ce ƙirar 2012, wadda ake ce wa Mk6, inji lita 2.0 mai turbo, giyabos ɗin DSG, wato otomatik mai kuloci biyu, mai giya shida, 'yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano. Mai ita ƙanin wani abokina ne, iyalinsa na Kaduna aikinsa na Abuja, kenan kusan duk ƙarshen mako yana kan wannan hanyar zuwa da dawowa, kuma wani lokacin da matarsa da jaririyarsu a baya. Abin da ya zo da shi a baki shi ne yana son ƙara, yana son in ya taka a ji cewa GTI ce ta wuce, sannan wai ya ga a bidiyo cewa salansa kaɗai tana ƙara wa mota doki talatin. Ya riga ya samo hoton wata a wayarsa, mai baki biyu manya masu ƙyalli, kuɗin ma ya ware su, shawara kawai yake nema a kan wacce zai danna ya biya.

To ni abin da na fara ce masa shi ne kar ya sayi komai sai an ɗaga motar an kalli cikinta, saboda motocin da ke shigo mana da yawansu ba yadda suka baro can suke isowa ba. Muka kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana taɓa motocin Jamus, aka jona mata kwamfuta, lambobi biyu suka fito, P0420 da P0299. Ta farkon tana nufin indomi, wato tulun tace hayaƙi da ke jikin bututun salansa, ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata, ta biyun kuma turbo ba ya kawo iskar da biren-bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ke nema. Da aka hau da ita kan rami sai ga dalili a fili. Tulun indomi na ƙasa an taɓa yanka shi ta sama inda ido ba ya kaiwa, an kwashe abin cikin an mayar an yi walda an shafa baƙin fenti, in ka ƙwanƙwasa shi da sifana sai ka ji ƙarar gwangwani. Ragar nan mai lanƙwasa da ke wuyan bututun ita ma ta tsage, baƙin toka ya zana layi a gefenta. Baba bakaniken ya nuna masa da yatsa ya ce "Yallabai ka gani ko, an riga ka cin indomin nan tun kafin motar ta zo hannunka." Masu kwashewar ba don komai suke yi ba sai don ƙarafan da ke ciki, falatinam da faladiyam da rodiyam, masu tsadar gaske, akwai masu saye a kilo.

Ita kuma matsalar iskar ba ta da alaƙa da salansa ko kaɗan, robar bawul ɗin da ke sakin iskar turbo in ka ɗaga ƙafa ce ta yage, ciwon da aka san waɗannan injinan da shi, aka canza shi da sabon samfuri mai fistan. Tunda an buɗe hannu sai na roƙi Baba ya leƙa abin da ke ɗaure sarkar tayimin, domin a irin injin motar nan, wato EA888 na waɗannan shekarun, tsohon samfurinsa yakan saki sarka ta tsallake, in ta tsallake kuwa bawul da fistan sun gamu, inji ya tashi aiki. Na tsohon ne a ciki, aka canza shi. Wannan ya cinye wani kaso na kuɗin salansar kuma yaron bai ji daɗi ba, amma ba zan iya kallon mutum yana shirin ƙara wa inji wuta alhali abin da ke riƙe da ransa yana lilo ba. Bayan an gyara waɗannan biyun kaɗai da ya zagaya da ita ya dawo yana cewa kamar an canza masa mota, ba a ma taɓa salansa ba tukuna.

Yanzu ga asalin maganar. Mutane da yawa in an ce salansa abin da ke zuwa musu a rai shi ne tukunyar baya da bakin da ake gani, amma a mota mai turbo ba can ƙarfin yake ɓoye ba. Hayaƙin da ke fitowa daga inji shi ke juya fankar turbo, kuma abin da ke juya ta shi ne bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta, kamar ɗaki ne mai taga biyu, iska ba ta kaɗa labule da kyau sai tana da wurin fita. Duk abin da ya toshe hanya a bayan fankar yana rage mata kuzari, turbo ya makara wajen tashi, zafi ya taru. Shi ya sa maganar nan da ake yawan ji a gareji cewa "ai inji na son a ɗan matse masa hayaƙi" ba ta shafi mai turbo ba, a motar da ba turbo ma ba matsin ake nema ba, gudun hayaƙin ake so kar ya mutu a cikin bututu mai faɗi da yawa, amma a nan turbo ɗin kansa ya riga ya zama babban matsi, abin da ke bayansa sai dai ya buɗe. Kuma wurin da ya fi ƙunci shi ne bututun farko da ke fita daga jikin turbo ya gangara ƙasa ɗauke da indomi, wanda 'yan harkar ke kira dawunfayif. Daga indomi zuwa wutsiya kuwa, wato katbak, aikinsa yawanci sauti ne da ado, a mota irin wannan da ba a taɓa mata biren-bos ba abin da zai ƙara ba za ka ji shi a ƙafarka ba, kunnenka ne zai ce maka ta ƙara gudu.

Hanya uku ke gabansa. Ta farko ita ce wadda abokansa ke ta zuga shi a kai, a je wurin mai walda a yanke komai, indomi da tukunyar tsakiya da ta baya, a zura miƙaƙƙen bututu tun daga turbo har waje, arha kuma a wuni ɗaya an gama. Ta biyu ya sayi katbak na kamfani, irin su Milltek na Ingila ko Borla da AWE na Amurka ko Remus na Ostiriya, in kuɗi ya yi yawa har Akrapovič na Sulobeniya masu yi da titaniyam. Ta uku ya zuba kuɗin a dawunfayif mai kyau mai indomi a jiki, ya bar bayan yadda kamfani ya yi shi.

Ta farkon ban ɓoye masa ba na ce ban yarda da ita ba, kuma ba don ƙa'ida kawai ba. Mota in babu indomi warin ɗanyen fetur take yi, a go-sulo na Mararraba ko Kawo in ka tsaya hayaƙin yana shigowa ta baya, ga jaririya a kujera, ga masu talla da almajirai da ke bin bayan motoci suna shaƙa, iskar kabon monoksayid ba ta da wari ma balle ka ce ka ji ta. Sannan shi mutum ne da ke fita daga gida bayan asuba ranar Litinin, layinsu akwai tsofaffi, injin nan kuma in ya tashi da sanyi yana ɗaga murya na ɗan lokaci don ya ɗumama indomi, da miƙaƙƙen bututu duk unguwa sai ta san ya tafi. Ga kuma aikin kansa, yawancin masu waldarmu ba su da injin lanƙwasa bututu mai sanda a ciki, in sun lanƙwasa sai gwiwar ta matse ta yi tamoji, bututun da ka saya inci uku ya koma biyu da rabi a kowace kwana, ko kuma su yayyanka su haɗa da waldar lantarki kashin waldar ya tsaya a ciki yana tare hanya. Akwai ƙwararru masu waldar agon a Fanteka da Apo da Ƙofar Ruwa, ban ce babu ba, amma sai ka nema, kuma su ma ba arha ba ne.

Duk wannan bai shige shi ba sosai, abin da ya shige shi shi ne da wani abokinsa mai irin motar, wanda ya cire tukunyar tsakiya da ta baya, ya ɗauke mu muka hau hanyar Zariya. A cikin gari daɗi gare ta wallahi, in giya ta canza sai ka ji wannan "fat" ɗin da DSG ke yi, yara na juyowa. Amma da muka daidaita a giya ta shida, allura tana wajen 2,500 zuwa 3,000, sai wani gurnani ya cika motar, ba ƙara ce mai tsini ba, wani "wuuu" ne mai nauyi da ke zama a ƙeya da cikin kunne, madubin tsakiya yana rawa, kwalbar ruwa a ƙofa tana kaɗawa, in zan yi magana da na gaba sai na sunkuyo. Lissafin ba wuya, inji mai silinda huɗu yana fashewa sau biyu a kowane juyi, a juyi 3,000 a minti kenan sau 100 a daƙiƙa, kuma wannan ƙaramin sautin shi ne wanda ɗakin mota irin Golf ke amsawa, ga ta ba but daban, bayanta a buɗe yake har cikin ɗaki. Tukunyar tsakiyar nan da ake raina wa, rezoneta, aikinta kenan ta kashe wannan gurnanin. Kafin mu kai Jaji yaron ya yi shiru, da muka sauka ya ce min "Yaya, ni ba zan iya Abuja da wannan ba, maman Ummi ma ba za ta sake shiga ba."

Sai muka koma kan ta biyu da ta uku, kuma kuɗin da ya rage ɗaya kawai zai iya ɗauka. Ni na tsaya a kan ta uku saboda dalili mai sauƙi, dawunfayif ɗinsa ya riga ya mutu, raga ta tsage indomi ɗaya fanko, ko ya so ko bai so ba sai an canza shi, to me zai sa a ɗora katbak mai tsada a bayan ruɓaɓɓen wuya. Shi kuma zuciyarsa na kan bakin nan masu ƙyalli, mun ɗan ja, har sai da Baba ya sa baki ya ce masa abin da ake gani daga waje ana iya saye ko yaushe, amma hayaƙin da ke zuba a ƙarƙashin ƙafarsa ba ya jira.

Wajen zaɓen dawunfayif ɗin ne aka yi aikin gaske. Abu na farko GTI 'yan Amurka na waɗannan shekarun inji iri biyu ne, CCTA da CBFA, duk doki 200 ne a takarda amma CBFA an yi shi ne don jihohi masu tsaurin dokar hayaƙi irin Kalifoniya, yana da oksijin sensa uku da wani ɗan famfon iska, CCTA kuwa biyu gare shi. In ka yi odar wanda ba naka ba sai kaya sun iso ka ga babu ramin ɗaura sensa ta uku, ga ka biya kuɗin jirgi da kwastan, mayarwa kuma ba zance ba ne. Mun duba takardar da ke manne a jikin injin, CBFA ne. Na biyu faɗi, bututun kamfani wajen milimita 60 ne, na kasuwa yawanci inci uku wato milimita 76, in ka lissafa faɗin ramin ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari, ya ishi wannan ƙaramin turbo ɗin har ya yi saura tunda ko an matse shi ba ya kai doki 300. Amma tunda bayan na kamfani za a bari dole a samu mahaɗi mai rage faɗi daga 76 zuwa 60, wasu kamfanonin na haɗowa da shi wasu sai ka saya daban, mun tambaya kafin a biya.

Na uku shi ne indomin kansa. Ana auna shi da yawan ƙananan ramuka a kowane inci murabba'i, na kamfani yakan kama 400 zuwa 600, na wasanni 200, akwai har 100. Mai 200 shi ne tsaka-tsaki, hayaƙi na wucewa da sauƙi kuma yana tacewa, amma fa duk mai 200 ba ɗaya ba ne, abin da ke aikin shi ne yawan ƙarfen nan mai tsada da aka shafa a ciki, shi ya sa za ka ga biyu kamanninsu ɗaya kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan. Na HJS na Jamus suna da suna a wannan fannin, kamfanoni da dama nasu suke sa wa. Mai arha yakan yi 'yan watanni sai wutar cek ta dawo da P0420, daga nan sai a ce maka a sa wani ɗan ƙarfe a janye sensa daga hanyar hayaƙi, wanda rufe wa kwamfuta ido ne kawai, hayaƙin na nan yadda yake.

Na huɗu ƙarfe. Wani mai sayar da kaya a intanet ya turo masa wani a rabin kuɗi, da tambarin wani sanannen kamfani a jiki, ya ce sitenles 304 ne, aka ce ya kawo a gani kafin a biya. A ido ya yi kyau sosai. Na haska fitilar waya a cikin bakin, sai ga waldar ta ciki ta yi ƙuraje baƙi, wani wurin ma ba ta ratsa ba, farantin da ke haɗuwa da turbo siriri ne, da Baba ya ɗora masa ƙarfen awo sai haske ke wucewa ta ƙarƙashi, tambarin kuma ba a sassaƙe yake ba an liƙa ne da ɗigon walda biyu, babu lambar kaya ko ɗaya. Shi 304 na gaske yana da kuromiyam wajen kashi 18 da nikel kashi 8, maganaɗisu ba ya kama shi sosai, 409 da kamfanonin mota ke amfani da shi kuromiyam ɗinsa wajen 11 ne, maganaɗisu na kama shi, yakan yi ja a fuska amma yana daɗewa. Matsalar ita ce akwai 201 mai ƙarancin nikel, shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, don haka wannan gwajin kaɗai ba ya isa, sai ka haɗa da kallon walda da kaurin faranti da kuma wanda ka saya a hannunsa. A arewa ba mu da gishirin titi irin na ƙasashen ƙanƙara, 409 mai kyau ya wadatar, ni na fi son 409 na gaskiya a kan 304 na ƙarya. Aka mayar masa da kayansa. Wani ɗan'uwansu da ke Ingila ne ya saya daga dila na kamfanin kai tsaye, ya tabbatar na CBFA ne, aka sako shi a kaya.

Sai maganar tunin, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Dawunfayif ba ya ba da duk abin da ke cikinsa sai an sake wa biren-bos lissafi, abin da suke kira mataki na biyu, kuma fayilolin da kamfanonin Amurka ke sayarwa an rubuta su ne don fetur mai lamba 91 ko 93 a ma'auninsu. Ma'auninsu ba irin namu ba ne, 91 ɗinsu yana daidai da wajen 95 a ma'aunin RON da mu da Turai ke amfani da shi, mu kuma a gidan mai famfo ɗaya ne, ba a tambayarka wane iri kake so, kuma ba ka da tabbacin na yau irin na jiya ne. Ka haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, iskar da ke shiga inji ta yi zafi, fetur ya riƙa kamawa kafin lokacinsa, fistan ne ke biyan bashin. Mun samu mai tunin da ya yarda ya ɗauki bayanan motar tana tafiya da man da yake sha kullum, da rana tsaka, ya ga yadda kwamfuta ke janye wuta a kowace silinda, sannan ya rubuta mai sauƙi, ya ɗan ƙara iska ya bar wutar a inda man zai iya ɗauka. Yaron ya nemi a sa masa harbe-harben nan na "tau tau" in an ɗaga ƙafa, mai tunin da kansa ya ƙi, ya ce ɗanyen mai ake turawa ya ƙone a cikin bututu, zai cinye sabon indomin ya gasa fankar turbo. An kuma canza man DSG da matatarsa tunda ba wanda ya san yaushe aka yi na ƙarshe, ƙa'idarsa duk kilomita 60,000 ne, aka sa sababbin fulogi.

Ɗaurawar ta ɗan ba da wahala. Noti huɗu ne ke riƙe da bututun a jikin turbo, sun sha wuta shekara da shekaru, aka jiƙa su da mai tun dare, uku suka fito lafiya na huɗun ya taho da sandarsa, aka sa sabuwa da sabon gasket, kar wanda ya yarda a mayar masa da tsohon gasket a wannan wurin. Baba bai ɗaure komai tamau ba sai da ya jera duka ya ga bututun ya zauna a tsakiya, sannan ya bi daga gaba zuwa baya yana ɗaurewa. Duk da haka bayan 'yan kwanaki aka fara jin ƙwanƙwasa in an tashi daga tsaye, ashe bututun mai faɗi yana taɓa ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin motar, aka sassauta aka ɗan juya shi aka canza robar rataya ɗaya da ta saki, shikenan. Ya kuma koyi hawa tudun rage gudu a karkace, don motar dama can ƙasa take.

Sakamakon da ya samu shi ne turbo na tashi da wuri, wajen wuce tirela a hanyar Abuja ba ya jiran ta yi tunani, kuma wannan ne wurin da ya ce ya fi jin bambanci, daga 80 zuwa 120. Sautin ya yi kauri, ana jin fiton turbo kaɗan in gilas na ƙasa, "fat" ɗin giya ya fito fiye da da, amma a giya ta shida ɗakin shiru, jaririya na barcinta. Wutar cek ba ta dawo ba, warin fetur da ake ji a go-sulo ya tafi tunda ragar da ke zubar da hayaƙi ta tafi. Shan mai bai ragu ba, ya ma ɗan ƙaru a makonnin farko don ƙafarsa ta yi nauyi. Doki nawa aka ƙara ban sa lamba ba tunda ba a hau da ita injin awo ba.

Abin da bai samu ba shi ne ƙarar da ya zo nema tun farko, kuma har yanzu yana faɗa, in sun haɗu da abokansa tasa ce mafi shiru. Yana tara kuɗin katbak, mun yi magana zai ɗauki mai rezoneta, kuma na Mk6 takamaimai don na Mk5 bakinsa biyu a gefe ɗaya suke, nata kuwa ɗaya hagu ɗaya dama. Ni na so ya fara sayen babbar intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, kafin nan saboda bayanan da aka ɗauka da rana sun nuna iskar na zafi in ya taka sau biyu uku a jere, shi ya ce salansa tukuna, a nan muka tsaya. Notocin indomin dai an ɗan ɗiga musu walda saboda ɓarayi, kuma ya daina barin motar ta kwana a garejin da bai sani ba.